Tsingaron Kufai

Damagaram, 9 ga Nuwamba 1975

Kawu Boyi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, kai da kakata Nene. Akwai maganar da nake jin nauyin faɗa. Ranar da zan dawo lakwal, wato makaranta, na ɗauko tsingaro ɗaya mai zane cikin waɗanda Nene ke tsintowa a kufai tana dakawa, tana haɗa yumɓun tukwanenta. Na nuna wa mushe, malaminmu na tarihi. Ya daɗe yana juya shi, ya tambayi wurin, na faɗa. Yanzu na ji ya rubuta wa hukuma takarda a Yamai. Wallahi so na yi ya san mu ma muna da tarihi.

Taku,
Shafa'atu

Gure, 2 ga Disamba

Shafa'atu,

Bayan gaisuwa, takardar mushenku ta yi aiki. An zo da mota, an kafa turaka kewaye da kufan, an ajiye gardi. Nene ta je da kwandonta, ya maido ta. Ta ce masa, "Ɗan nan, shekara arba'in ina dakan tukwanen matattu, ko ɗayansu bai kai ƙara ba, sai kai?"

Ta gwada haɗa yumɓun da rairayi. Tukwane ashirin ta gasa, uku suka fito ba tsaga. Kin san tun da fari ya cinye shanu, tukwanen nan ke ciyar da gidan.

Kawunki,
Boyi

Damagaram, 14 ga Disamba

Kawu,

Ina gaishe ku. Na sami mushe, na roƙe shi ya sa a bar Nene ta shiga kufan. Ya ce doka ce yanzu, kuma duk tsingaron da ya shiga turmi ya tafi har abada. Abin da ya fi damuna, Kawu, na ga gaskiyarsa, na kuma ga ta Nene. Me za ku ci? In zo hutu, ko ganina zai ɓata mata rai?

Ku yafe mini,
Shafa'atu

Gure, 20 ga Disamba

Shafa'atu,

Muna lafiya. Jiya Nene ta fasa babbar randar da uwarta ta bar mata, da hannunta, ta dake. Garin zai kai mu wata biyu a madadin tsingaro. Ta ce ki zo, hannunta ya gaji, akwai sauran daka.

Allah ya kawo ki lafiya,
Boyi