Inna, Takwararki Ta Zo Mana Ba Baki

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Na san saƙon nan ba zai iske ki ba, amma a cikin masu rai na rasa wanda zai saurare ni har in kai aya.

Allah ya ɗauke ki kafin rikicin da aka yi a Kaduna kan maganar shari'a. A cikinsa aka kashe Hadiza, matar Yaya Kabiru. Shi yana kasuwa, hanya ta toshe, bai samu isa gida ba sai da komai ya wuce. Ya ɗauko 'yarsu, takwararki da muke kira Ummi, suka taho mana nan Nassarawa. Maigidana Alhaji ya ba su ɗakunan baya.

Ummin da kika sani mai surutu kamar rediyo, Inna, ta zo mana ba baki. Ta isa shiga firamare amma ta koma fitsarin kwance. Wata rana mai lambunmu ya tara busassun ganyen mangwaro ya cinna musu wuta. Yarinyar nan tana jin ƙaurin ta kwasa a guje ta shige ƙarƙashin mota. Ina durƙushe a kan tsakuwa ina lallashinta, sai ga Yaya. Ya jawo ta da ƙafa, ya mare ta, sannan ya tsaya yana kallon hannunsa kamar na wani.

Shi ma ba lafiya ba ce. Ya rame, ba ya barci, ko ƙofa iska ta buga sai ya zabura. Da na ce mu ga likita, cewa ya yi, "Binta, ni kike kira mahaukaci?"

Gwaggo Asabe ta zo daga Gawuna, ta ce iska ce ta shafi yarinyar, ta kwance ƙullin turare za ta yi mata hayaƙi. Hayaƙi fa, Inna! Da na hana, ta yi fushi ta ce boko ya ɓata ni. Alhaji kuwa falonsa cike yake da 'yan jam'iyya tun safe. Abin da ya iya ce min shi ne, "An yi addu'a, an yi sadaka, me kuma ya rage? A yi haƙuri." Wallahi na gaji da wannan kalma. Kowa ya furta ta sai ya sa takalminsa ya tafi, ni a bar ni da wankin zanin gado.

Ban ƙi addu'a ba, ke kika koya min. Amma ranar da ruwan zafi ya ƙona ni ina ƙarama, kin tofa min addu'a, kuma kin goya ni har asibiti.

Wadda ta gane ni ita ce Malama Rahila, malamar ajin Ummi. Kirista ce daga wajen Kaduna, ita ma an ƙona gidan iyayenta a rikicin nan. Ta ce min, "Hajiya, ni ma in na ji ƙaurin taya sai ranar nan ta dawo min sabuwa. Ku daina ce mata ta manta. Ki zauna kusa da ita kawai, ranar da ta fara magana kada ki katse ta."

Haka na yi ta yi. Ran nan ina yi mata kitso a baranda bayan la'asar, sai na ji murya can ƙasa. Ta ce Mamanta ce ta sa ta a cikin duro, ta rufe, ta ce kada ta yi motsi har sai ta dawo. Ta ce ba ta yi motsi ba, to me ya sa Mama ba ta dawo ba? Yaya yana bakin famfo yana alwala, ya ji. Ya ajiye butar, ya zauna a ƙasa, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Ummi ta sauka da kitsonta rabi ta je ta jingina da shi.

Ya yarda zai ga likita, su biyun. Da na gaya wa Alhaji, sai ya ce kada a je asibitin nan da motarsa, zaɓe ya kusa, mutane za su gani. Gobe tasi za mu tara a bakin titi.

Innata, da kina nan da kin san abin da za ki ce wa ɗanki. Ni ƙanwarsa ce kawai, ina lalube.

Allah ya haskaka kabarinki, ya jiƙan Hadiza, ya ba Yaya barci, ya dawo wa Ummi da dariyarta. Ni kuma ya sanyaya min zuciya, don tana tafasa.

'Yarki da ke kewarki,
Binta