Yatsuna Sun Shiga Yajin Aiki

Uwar yara,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Yaya jikin Inna? Auta ta daina kukan makaranta? Ki ce mata babanta ma ya koma aji ɗaya da furfurarsa. Ki yi haƙuri da rubutun, hagu ce ke riƙon ƙwarya.

Kada hankalinki ya tashi. Hannun da injin gona ya matse yana nan, yatsun ne dai suka ƙi lanƙwasuwa. Likita ya ce in nemi masu koya wa hannu aiki. Na bi ƙauyuka ina tambaya, nan kuwa daga gonaki sai shanu. Wani mutum ma wurin likitan dabbobi ya tura ni. Ban ji haushi ba, wataƙila kama ya gani.

Da ƙyar na samu wata malama a asibitin da ke inda motar haya ke juyawa, ranar Laraba kaɗai take zuwa. Ɓalla maɓallin riga take koya mini, ina ta faɗuwa jarrabawa kamar dā.

Ta ce sai wani ya riƙa miƙar mini da yatsun safe da yamma, in ba haka ba su sandare, mai gona kuma ba zai riƙe mai hannu ɗaya ba. Ta ce, "Baba, wa kake da shi a ɗaki?" Na ce rediyo. Muka yi dariya. Tawa ba ta kai gida ba.

In babban yaronmu ba ya komai, ki turo mini shi. Kada ki ce masa kewa nake yi, ki ce aikin jan yatsa ne ya samu.

Allah ya yi muku albarka.

Naki,
mai hannu ɗaya da rabi