Ni na ƙyasta ashanar, ba Baba Illa ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda ya san "ki yi haƙuri" kaɗai zai rubuta, ya bar abinsa. Jiya Laraba mijina da abokansa uku suka zauna a falona bayan la'asar, suka ci tuwon da na tuƙa da hannuna, suka yanke cewa wani tsoho ne zai ɗauki laifin da ni na aikata. Ba wanda ya tambaye ni. Da na buɗe baki, ce min aka yi in kawo shayi.

A Karama muke zaune, nan Dubai, shekara ta shida ke nan. Maigidana sufabaiza ne a wani ƙaramin kamfanin gyaran lambu, ni da yaranmu biyu duk a ƙarƙashin bizarsa muke. Da ina yi wa 'yan kasuwarmu na Deira tuwo da masa, korona ta zo ta watsa su, na zauna haka nan. Ni 'yar ƙauye ce, a gindin dutse aka haife ni can ƙasar Bauchi, na girma da fartanya a hannu. Sai da na wuce talatin na shiga ajin manya, ina goye da autana. Hausa ina karanta ta tsaf, Turanci kuma a hankali, da yatsa a kan layi. Na faɗi wannan ne don ku san ba ni da damar fakewa da jahilci.

Cikin sanyin nan kamfaninsu ya samu aiki a Hatta, yankin duwatsu. Gonar dabino ce ta wani dattijon Balarabe, a bayanta akwai gangare mai tsayi, mota ba ta hawa, mutum ma wani wurin sai ya dafa da hannu. Wata ƙaya ce ta cinye gangaren, suna kiranta guwaif, baƙuwa ce aka kawo daga wata ƙasa, tana shanye ruwa, ba abin da ke tsirowa a ƙarƙashinta. A tsakiyarta kuma akwai itatuwan gaf, ɗan asalin ƙasar nan, kamar dai yadda gawo yake a wurinmu, sai dai shi hukuma ce ke gadinsa, ko reshe ba ka sara sai da izini. Mutanen baladiya, wato hukumar gari, suka zo suka shafa jan fenti a jikin duk wadda za a cire, suka ba da takarda mai sharuɗɗa: a cire da hannu, a sauko da itacen ƙasa a loda a mota, kada a taɓa gaf, kada a kunna wuta. Takardar tana gaban motar maigida. Na ɗauke ta na karanta a hanya, har da alfahari, don ya ji ban yi tuntuɓe ba. Layin wutar nan sau biyu na karanta shi.

Sau biyu a mako nake bin sa da kulolin abinci, lebura shida ne, yawanci namu ne Hausawa. A mako na uku na ga abin da ya ɓata min rai. Kututturen da suka sare a makon farko duk sun yi toho, kore shar. Saiwar ta shige cikin dutse, diga sai tsalle take tana dawowa, hannayensu duk sun fashe, ɗaya ƙaya ta huda masa takalmi ƙafa ta kumbura. Kamfani kullum waya, maigida ya rame. Na ce musu ku maza shida kun tsaya kuna kokawa da kututture kamar ba a gona aka haife ku ba, a garinmu mace ɗaya ke kashe irin wannan, a tara masa busasshiyar ƙaya a kai a sa wuta, ta ci shi har saiwa, kalas, shi ke nan. A raina na ce wanda ya rubuta dokar nan a ofis yake cikin sanyin AC, bai taɓa yin sassabe ba.

Mutum ɗaya ne ya musa min, Baba Illa, ɗan wajen Maraɗi, shi ne babba a cikinsu, ya haura sittin. Ya ce, "Ɗiyata, wannan dabarar ta fili ce. A gangare wuta sama take bi, ga kuma ƙayar da muka tara ba a sauke ba." Na ce masa Baba in tsoro kake ji ka sauka ka tsare mana kuloli kada awaki su buɗe. Suka yi dariya. Ya ɗauki butarsa ya sauka. Maigida yana tsaye, ya kalli agogo, ya ce yalla, maza a gwada ɗaya a gani, ya juya yana amsa waya. Ba wanda ya yarda ya fara, sai na karɓi ashana na ƙyasta da kaina.

Na farko da na biyu suka ci lafiya, har ina yi musu gori. A na uku iska ta taso daga kwari. Ban taɓa ganin wuta ta yi gudu haka ba, ta bi tarin ƙayar nan ɗaya bayan ɗaya tana hawa, mu muna ƙasa da ita muna watsa yashi da hannu. Baba Illa ne ya hau da bokitai daga famfon gonar, tsoho, yana hawa yana sauka, har ya ja wani reshe mai ci da hannunsa don kada ya faɗa kan dabino. Allah ya sa ba a rasa rai ba, dabinon ma ya tsira. Amma gaf uku sun ƙone, ɗaya babba ne, mutum biyu ba sa zagaye shi da hannu. Mai gonar ya zo, ya hau da sandarsa har wurin, ya dafa baƙin itacen ya daɗe. Bai yi zagi ba, gara a ce ya zage mu. Tambaya ɗaya ya yi, wane ne. Duk muka sunkuyar da kai. Sai idonsa ya sauka a kan hannun Baba Illa da ya saɓule.

Baladiya sun zo sun ɗauki hotuna, sun ce kamfani ya kawo bayani a rubuce ranar Lahadi, wa ya kunna, da izinin wa. Shi ne zaman jiya. Lissafinsu shi ne, in aka ce maigida ya ba da izini, aiki ya tafi, biza ta tafi, mu huɗu sai gida. In aka ce ni ce, ya fi muni, don ba ni da takardar aiki, me ya kai matar sufabaiza wurin. Shi kuwa Baba Illa saura wata biyu kwantiraginsa ya ƙare, dama tafiya zai yi, ga ƙuna a hannu kowa ya gani, sai a ce shayi ya dafa iska ta kwashi wutar. Wani Alhaji a cikinsu mai harkar kago, wato aika kaya gida, shi ya buga takardar bayanin da Turanci, ya ce ranar Juma'a bayan masallaci a kai wa Baba Illa ya dangwala yatsa, a ce masa shaida ce kawai cewa yana wurin. Na tambaya daga ƙofar kicin, me za a yi masa in ya dangwala. Wani ya ce tara ce za a haɗa masa, wani ya ce ƙila a ɗan tsare shi, wani ya ce ƙila a hana shi fita har a gama shari'a. Wato ba wanda ya sani. Mutumin nan shekara huɗu bai ga iyalinsa ba, kullum zancensa ya isa gida kafin shuka.

Da suka tafi muka yi ta da maigida. Na ce wannan zalunci ne, ya ce ni na kawo zaluncin da ashanata, yanzu kuma ni ce waliyyiya. Na ce ai kana tsaye ka ce a gwada, ya ce shi ya sa yake neman hanyar da za mu tsira. Ya ce Ummi, babbar 'yarmu, bana za ta yi jarrabawar fita, in na yi magana ni zan zaunar da ita in faɗa mata dalilin da za ta bar makaranta. A nan kam gaskiya ya faɗa. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi, ni ma yana cikina.

Yau da safe bayan yara sun tafi makaranta, na zare takardar daga fayil ɗinsa, na hau bas zuwa masaukin leburorin. Na aika aka kira min Baba Illa, muka zauna a benci gaban wani kanti, hannunsa a naɗe da bandeji. Na karanta masa ita layi-layi ina fassarawa, ban tsallake ko kalma ba. Da na zo inda aka ce shi kaɗai ya kunna ba da sanin kowa ba, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya kalli titi, sannan ya ce, "To ke ɗiyata, sunanki yana ciki?" Na ce babu, Baba. Ya ce, "Patron fa?" yana nufin maigidana. Na ce yana ciki, an ce shi ya jagoranci kashe wutar. Ya gyaɗa kai, ya tambaye ni ya yara.

Yanzu ina cikin bas, takardar tana jakata, ba yatsan kowa a kanta, maigida ya kira ban ɗauka ba. Masu sanin dokar ƙasar nan, da iyaye mata irina, ku faɗa min gaskiya ko da zafi. In mayar masa da ita in rufe bakina saboda Ummi, ko in ɗauki biro in rubuta wata da sunana kafin Lahadi?