Babana Ba Girman Kai Gare Shi Ba

Zuwa ga Anti mai gabatar da shirin abinci na safiyar Asabar a rediyo, inda mutanen Jos ke bugo waya su faɗi ra'ayinsu a kan gidajen abinci da masu nama.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyalinki da abokan aikinki. Ya sanyin garin namu? Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya.

Ranki ya daɗe, sunana Habiba. Bana na gama firamare na shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Ban taɓa rubuta wa babban mutum wasiƙa ba, in na yi kuskure a yafe mini. Ni ce na bugo waya makon jiya, kika ce wa ke kan layi, aka yi shiru, daga nan aka kashe. Kin ce layin ne ba kyau. Layin lafiyarsa lau. Da na ji muryarki ne bakina ya ƙi buɗuwa, shi ya sa na ɗauki biro.

Maganar a kan babana ce, Malam Sale mahauci, mai jar hula, wanda teburinsa ke kusa da masu tumatir a kasuwar Laranto. An yi maganarsa a shirinki. Tun daga ranar ciniki ya ja baya, har ana shawara a gida in bar makaranta in koma teburi. Zan jero miki abin da na sani.

Na farko, mu masu son shirinki ne. Ummata takan kwashe da dariya in wani ya bugo ya ce ya sayi shinkafar tekawe, wato ta tafi-da-gidanka, ya isa gida ya nemi nama da cokali har ƙasan roba bai gani ba. Muna jin daɗi in an yaba mai masa, ko an yi gardama a kan gidan da ya fi iya gwate. Har rannan da wani ya ce miyar wani gida ta fi shayi tsinkewa, sai da ƙannena suka wuni suna maimaitawa. Ban taɓa tunanin masu gidajen nan suna da 'ya'ya da ke saurare ba, sai da abin ya zo kanmu.

Na biyu, ga abin da ya faru. Wata Asabar, ba a daɗe da komawa makaranta ba, wata Madam ta bugo. Ta ce ta je sayen nama wurin mai jar hula, ta gaishe shi ta sake gaishe shi, ko ɗagowa bai yi ba. Da ya ga dama ya ɗago, sai ya daka mata tsawa, "Na nawa?" Ta ce ita ba bara ta je ba, ba za ta ƙara taka wurin ba. Bayanta wani mutum ya bugo ya ce shi ma haka aka yi masa, wai mahaucin nan ji yake kamar shi ne ogan kasuwa. Ke kuma kika yi dariya kika ce mahauta a gyara hali, kika saka waƙa.

Anti, Madam ɗin ba ƙarya ta yi ba. Na yarda ta gaishe shi bai amsa ba. Abin da ba ta sani ba shi ne babana ba ya ji. Sanƙarau ya kama shi tun ina goye, ya tashi, amma kunnuwan ba su tashi tare da shi ba. Yana magana sarai, sai dai da yake ba ya jin muryar kansa, bai san ta yi ƙarfi ba. Ko ruwan alwala zai ce in kawo masa, maƙwabta sai sun ji. Kuma mai sara nama idonsa na kan wuƙa. In ya ɗaga kai yana duba fuskar mutane, yatsa zai tafi.

Na uku, ga yadda muke aikinmu a da, don ki gane abin da ya canza. Tun ina ƙarama nake tsayawa a gefensa na hagu da safe, don firamare ta yamma nake zuwa. In mutum ya zo ya yi gaisuwa, sai in taɓa masa gwiwar hannu. Sai ya ajiye wuƙa, ya ɗago da fara'a ya jero amsa, "Lafiya lau, ba gajiya, suna lafiya, mun gode Allah." Ai gaisuwa sananniya ce, kowa ya san abin da ke bin wani. Wani lokaci takan goce, a tambaye shi ya kasuwa ya ce sun tafi makaranta, amma mutane sukan ɗauka barkwanci ne, su yi dariya. In an zo ciniki, sai in nuna masa da yatsu a bayan teburi. Tsofaffin kwastomomi da mahautan layinmu sun san komai. Baƙi kuwa ba sa ganewa, shi ma ba ya so su gane. Yakan ce shi nama yake sayarwa, ba tausayi ba.

Da sakamakonmu ya fito, shi da kansa ya kama hannuna ya kai ni wurin tela aka auna mini yunifom. Umma ta ce wa zai tsaya masa? Ya ce teburin ya riga ni zuwa duniya. Sakandare ta safe ce, lokacin da kasuwar nama ke ci. Yayata tana aure a Bukuru, ƙannena kuma kansu bai kai teburi ba. Haka ya koma shi kaɗai daga Litinin zuwa Juma'a. A cikin kwanakin nan ne Madam ta zo.

Na huɗu shi ne wanda ya fi yi mini ciwo. Babana yana da 'yar rediyo a kan teburi. Ba don kansa ya saya ba, don masu jiran a yanka musu ne, kada su gaji da tsayuwa. Yakan ɗora tafin hannu a kanta ya ji tana rawa, ta haka yake sanin a kunne take. Ranar da aka yi maganarsa, shirinki ne a ciki, ni kuma ina wurin saboda Asabar ce. Mata biyu na tsaye. Da aka ambaci jar hula, suka dubi kansa, suka dubi juna. Ɗaya ta ce bari ta sayo albasa ta dawo, ba ta dawo ba. Babana yana ta yanka hanta yana murmushi. Da ya ga kowa ya kasa kunne, sai ya ƙara murɗa rediyon don a ji da kyau. Duk layin sun ji abin da aka faɗa a kansa, ban da shi. Ya dube ni ya ɗaga gira, wato me ake cewa? Na nuna masa naman da ke gabansa. Ya yi dariya ya ce, "To Allah ya kawo masu saye."

Na biyar, abin da ya biyo baya. Wata mai gidan abinci da ke ɗaukar tsoka kullum ta koma wani teburi, ta ce masu cin abincinta suna tambayar inda take sayen nama. Masu wucewa sukan nuna shi da baki. Mama Rahila mai gwate ce kawai ba ta motsa ba. Ita tun daga nesa take ɗaga masa hannu, ta zo ta buga teburi ta ce, "Sale, kai da kunnen ƙashi, ba ni na miya!" Shi kuma ya karanta bakinta ya ce ita da rowa. Ta yi faɗa da mutane da dama saboda shi, har a cocinsu ta yi bayani, amma bakin mutum ɗaya bai kai rediyo nisa ba. Yanzu nama yakan kai la'asar. Abin da a da ake kwashewa kafin azahar, shi muke gani a miyar gida, kuma babu mai jin daɗinsa.

Umma ce ta fara cewa in zangon karatun nan ya ƙare in dakata da makaranta, in koma gefensa har kasuwa ta dawo. Ba mugunta ba ce, da ta faɗa sai da ta juya baya ta goge ido da bakin zane. Babana ya ce a'a, amma a'ar ba ta yi ƙarfi kamar sauran maganarsa ba. Ban iya cewa a bar ni in yi karatu alhali ina ganin naman da ya dawo a leda. Amma ina son makaranta, Anti. Ke ce ta farko da na faɗa wa.

Jiya da yamma na zauna a gabansa inda zai ga bakina, na gaya masa duk abin da aka faɗa a rediyo, da niyyata ta rubuto miki. Na ɗauka zai hana, tunda abin da ya yi shekaru yana rufewa ne zan buɗe wa gari. Can ya ce in rubuta, in dai hakan zai sa a bar ni a aji. Ya kafa mini sharaɗi ɗaya, kada in zagi Madam, don wanda aka ƙi amsa wa gaisuwa yana da gaskiyar yin fushi. Ya ce in ba ta haƙuri a madadinsa.

Saboda haka ga roƙona, ranki ya daɗe.

Ki karanta wannan takarda a shirinki, a lokacin da aka saba, don waɗanda suka ji ta farko su ji ta biyu. In ta yi tsawo ki rage, amma ki bar wurin da na ce ba ya ji, da wurin da ya ba da haƙuri.

Sannan in an sake bugowa an kushe wani, mai tuwo ne ko mai tsire, don Allah kafin a saka waƙa a ce za a ji ta bakinsa. Ban ce a daina faɗin gaskiya ba. In miya ta tsinke a faɗa.

Na ƙarshe, ina gayyatarki, ke da Madam da wancan bawan Allah da ya bugo bayanta. Ku zo Laranto. Kada ku gaishe shi daga gefe. Ku tsaya a gabansa sosai, ku jira ya sauke wuƙa, ku ɗaga hannu. Za ku ga yadda yake amsa gaisuwa, in muryar ta yi ƙarfi kada ku tsorata. Ku zo ranar aiki da safe, ba Asabar ba, don ku gani da idonku ko zai iya shi kaɗai. In Allah ya yarda ba za ku same ni a wurin ba, ina aji.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya tsare miki iyayenki in suna raye, in sun rigaya ya ji ƙansu. Allah ya raya miki zuriya, ya ba garinmu zaman lafiya.

Wassalam.

Taki,
Habiba, 'yar Malam Sale mahauci.