Na Janye Bakin da Na Yi wa Mahbub

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ni ce Uwaliya 'yar Malam Ja'afar, matar marigayi Alhaji Badruddeen na Kutama, wadda kowa ya sani da Shugabar Mata. Ina faɗar wannan magana da hankalina cikakke, babu wanda ya tilasta ni. Ƙafafuna sun kumbura, abinci ba ya zama a cikina, likita a Gwarzo ya ce a mai da ni gida a ci gaba da addu'a. Ni ba yarinya ba ce, na san ma'anar hakan. Amma kaina garau yake. 'Yata Badi'a ce ke rubutawa, Malam Ɗalha limamin unguwa yana zaune daga bakin ƙofa yana shaida. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara min magana don ta yi daɗin ji.

Da ku uku nake: Nata'ala ɗan farina, wanda ban taɓa kama sunansa ba sai yau, don takarda ba ta san kunya ba, da Badi'a, da autana Mahbub da ke Kabo, wanda rabona da shi shekara bakwai. Saboda shi na sa aka ɗauko biro. Sauran maganar share fage ce.

Na ɗaya. Gado Allah ya riga ya raba shi, ba ni da ta cewa. Gonar bayan gari da tumakina da 'yan kwanukan ɗaki, ku kira malamai su raba muku. Kada wanda ya ce rabon Mahbub a ajiye tukuna sai an ga halinsa. A ba shi nasa a hannunsa rana ɗaya da kowa.

Na biyu. Injin markaɗen da ke zaure ba nawa ba ne, kada ya shiga rabo. Da sunan matan unguwa aka kawo shi, aka ɗauki hoto da su, da baƙi suka tafi na sa aka shigo da shi gidana. Shekara tara matan suna biyana don su markaɗa a injinsu. A fitar da shi, su zaɓi wadda za ta riƙe musu.

Na uku. A ƙasan akwatina akwai atamfofin jam'iyya, masu hotunan 'yan takara, sun kai ashirin. Kada a ba da su sadaka, kada wata baiwar Allah ta tsaya gaban Ubangijinta da waɗannan fuskokin a jikinta. A yayyaga su a yi tsumma, ko ba komai su goge wa wani tukunya.

Na huɗu. A cikin kwallar da ke saman gadona akwai katunan zaɓe na mata arba'in da wani abu. A mayar wa kowace nata, a roƙa min ita gafara. Ku da kuka tashi kuka gan ni cikin wannan aiki ba ku san yadda ake yin sa ba, to ku ji. Ni nake bi gida gida in karɓe katunan, in ce ajiya ce kada su ɓata. Idan zaɓe ya rage kwana biyu sai in tara matan a tsakar gidana, ga sabulu ga taliya ga turmin atamfa, ga kuma Alƙur'ani a kan tabarma. Ba wadda za ta ɗauki kaya da katinta sai ta dafa ta rantse za ta dangwala mana. Idan an gama kuma in sake tattare katunan. Shekara goma sha tara ina haka. Jam'iyyar ta sha sauya suna da tuta, manyan dai su ne, duk inda suka juya ina biye da su da guɗa. Ku gaya wa matan na sake su daga duk rantsuwar da na sa su, nauyinta yana wuyana. Malam ya gaya min kaffarar da ta hau kaina, kuma na fara yi.

A cikin katunan nan za ku ga guda ɗaya na namiji. Na Mahbub ne, kuma shi ya kawo ni magana ta biyar.

Na biyar. Shekara bakwai da suka wuce, gab da zaɓe, Mahbub ya fara tafiya da 'yan adawa. Ya same ni cikin ladabi ya ce, sau uku ana kafa harsashin rijiyar burtsatse a bakin kasuwarmu, kowane karo da makaɗa, har yau jarka muke saya. Takin da ake cewa an kawo wa manoma a shagon manya yake ƙarewa. Ban saurare shi ba. Bayan kwana kaɗan, a taron suna a gidan Gwamma maƙwabciyarmu, wata ta jefe ni da habaici, wai Shugabar Mata ta iya tara 'ya'yan wasu, nata ya gagare ta. Mata suka yi dariya. Raina ya ɓaci, na aika aka kira shi daga waje, ya durƙusa a tsakiyar mata, na ce masa: «In ka dangwala musu ban yafe maka nonon da ka sha ba, kuma ba za ka ga daidai ba.» Abin da ya ce kawai shi ne Allah ya huci zuciyata.

Wannan kowa ya sani. Ga abin da ba wanda ya sani sai ni da shi da Allah. Ranar zaɓe da safe, kafin a buɗe rumfa, ya shigo ɗakina ya sa min katinsa a hannu. Ya ce ba zai iya zaɓen waɗanda ya san suna cutar mutane ba, kuma ba zai iya saɓa wa uwarsa ba, don haka ya haƙura da zaɓen gaba ɗaya. Mahbub bai dangwala wa kowa ba.

A ranar muka faɗi akwatin unguwarmu. Manya suka turo a tambaye ni yadda aka yi, ni kuma ina tsoron a karɓe shugabancin a ba wata. Sai na ce ɗana ne da abokansa suka ɓata mana, kuma na kore shi daga gidana saboda jam'iyya. Da na faɗa dole na aikata. Ya kwashe kayansa da matarsa Zinnira suka koma Kabo. Aka dinga ba da labarina a taruka, wai ga macen da ta fifita jam'iyya a kan ɗan cikinta. A shekarar aka ba ni kujerar Makka. Wannan Hajiyar da kuke ji ana kira na, da ƙaninku na saye ta.

Kun san abin da ya biyo baya. Shanun nomansa biyu suka mutu a mako guda. Tsutsa ta cinye masa tumatir, kamar yadda ta cinye na kowa a shekarar, amma nasa ne kaɗai aka ce bakin uwa. Ɗansu na fari ya rasu da ƙyanda, ban je gaisuwa ba. Mutane suka daina haɗa noma da shi, wasu ko mota ba sa son shiga da shi. Daga ƙarshe surukinsa Malam Datti ya zo ya ɗauke Zinnira da 'yar jaririyarsu Aisha Humaira, ya ce ba zai bar jininsa a gidan wanda uwa ta yi wa baki ba. Shekara biyu ke nan. Yanzu na ji ya ce bayan salla zai kai magana gaban alƙali a raba auren. Duk wannan wahala Mahbub bai taɓa buɗe baki ya ce katinsa yana hannuna ba, don kada a ce uwarsa maƙaryaciya ce. Shi ya rufa min asiri, ni na bar shi a rana.

Na shida. Nata'ala, wannan kai za ta fi yi wa zafi, tunda kai ne sakataren jam'iyya a mazaɓa. Ka daure ka ji. A zaɓen da ya wuce, ni Uwaliya, da atamfar jam'iyya a jikina, bayan na jera mata a layi, na shiga rumfa na dangwala wa 'yan adawa.

Marka ce sanadi, mataimakiyata, wadda muryarta ta dushe a wajen yi wa manya kirari. A daminar da buhun taki ya fi buhun masara biyu tsada, mijinta bai iya sa wa gona komai ba. Na shiga gidanta na tarar da ita kwance, tukunya babu komai sai ganyen tafasa. Na hau mota na tafi gidan maigidanmu na siyasa a Gwarzo don in nemo mata taimako. Kwana uku ina zuwa ƙofar nan, masu gadi suna ce min ya yi tafiya, ga motarsa ina gani ta ramin ƙofa. Ni da na kori ɗana saboda shi, ko ruwan sha ba a ba ni ba. Marka ta rasu bayan mako biyu. Ranar sadakar uku aka aiko da katan ɗin taliya, da hotonsa a jiki.

Kada ku ɗauka son 'yan adawa nake yi. Na san su sarai. Rabinsu da su muka ci tuwon jam'iyya kafin rabo ya haɗa su faɗa. Ɗan takararsu ni na taɓa tara masa mata. Ban sa rai za su kawo ruwa ko taki ba. Na dai rasa wata hanyar da zan ce na gaji, sai wannan ɗan yatsan. Na dangwala, na fito ina guɗa tare da kowa. Namu suka sake ci, aka kawo min turmin godiya, na sa hannu na karɓa.

Tun ranar ya kamata in tafi Kabo. Abin da na tsine wa ɗana a kai, bai yi ba, ni na yi. Amma shekara uku kunya da girman kai suka zaunar da ni. Ina tunanin abin da mata za su ce, ina tunanin matsayin Nata'ala, kullum sai in ce bayan kaka, bayan azumi. Na yi nadama, kuma ina tsoron haɗuwata da Allah a kan yaron nan.

Na bakwai. Kada a ajiye takardar nan sai na mutu. Gobe da hantsi Badi'a ta tara mata a gidan Gwamma, inda na yi furucin, ta karanta musu tun daga farko har ƙarshe, ba tsallake. Jibi kai Nata'ala ka ɗauki takardar da katin, Malam Ɗalha ya raka ka, ku je wurin Malam Datti. Ka durƙusa ka gaya masa babu bakin uwa a kan Mahbub, sharaɗin da na gindaya bai taɓa cika ba, ko da ya cika ma na janye. Ka roƙe shi ya mayar da Zinnira ɗakinta. Na san in maganar ta fita za a iya karɓe muƙaminka. A karɓe. Shekara bakwai kana wuce Kabo a motar kamfen ba ka tsaya ba, kuma ni na koya maka hakan, don haka ban ga laifinka ba. Amma in ka ɓoye takardar nan don kujera, ka sani ba zan yi maka baki ba, na daina har abada, sai dai zan mutu da baƙin cikinka.

Ban ce kowa ya bar jam'iyyarsa ba, ban ce kowa ya shiga wata ba. Kowa ya riƙe katinsa a aljihunsa, ya zaɓi wanda ya ga dama, ko da ba don so ba ne, ya dawo gida ku ci tuwo a kwano ɗaya. Kada a sake shimfiɗa Alƙur'ani a gidan nan saboda ƙuri'a. Kada a tambayi ɗan'uwa wa ya dangwala wa. Manyan da muke yanke zumunci dominsu, 'ya'yansu auren juna suke yi.

Allah ya yi muku albarka ku uku, da ku da zuriyarku. Allah ya haɗa kanku, ya raba ku da irin zuciyata. Nata'ala, kai ne uba yanzu, ka buɗe ɗakin ƙaninka ka sa a share. Badi'a, ki riƙe 'yan'uwanki, kada ki gaji da shiga tsakani.

Mahbub, na yafe maka duniya da lahira, ko da yake ba ka yi min komai ba. Ni ce mai neman gafara. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka ga daidai a gonarka da gidanka da duk inda ka sa ƙafa. Ba zan ce dole ka zo ba, na riga na ɓata ikon da nake da shi na cewa dole. Amma in za ka zo, kada ka jira kasuwa ta ci, kada ka jira salla, jikin nan ba zai kai ba. Ina so in faɗa maka da bakina, don da shi na yi ɓarnar. In kuma ka tarar an riga an kai ni, ka tsaya a kan kabarina ka faɗa da ƙarfi ko ka yafe ko ba ka yafe ba. Duk wanda ka faɗa, hakkinka ne.