Tafiyar Baba

Gidan Dahala, Sakkwato

Zuwa ga Yayana Ƙasimu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Dije da yara a can Kumasi. Allah ya sa wa kasuwa albarka, ya tsare ku. Mu nan sai godiya. Inna tana fama da gwiwa, idonta ma ya fara hazo, amma bakin nan ƙalau yake, kowa na samun rabonsa. Na ba Mansur direban motar albasa takardar ne don na san halinka a waya: da na ɗauko magana mai nauyi sai ka ce sabis ya ɗauke.

Maganar 'yarka Fiddausi ce, ta wajena. A shekararta ta ƙarshe a jami'a an ce kowa ya yi ɗan gajeren fim na zane mai motsi, irin wanda yara ke kira katun. Ba a ma fara fim ɗin ba, shiri ake yi. Sai ta tsara labari, ta fitar da kamannin mutanen ciki, ta zana kowane fage a jere, malaminsu ya amince, sannan a shiga aikin. Bangon ɗakina duk takardu ne, ko ƙusar rataye mayafi ban tsira da ita ba. Labarin nata na wata 'yar yarinya ce da ke bin kakanta kasuwar hatsi tana riƙe da gefen rigarsa. Ina gani na san Baba take nufi.

Na ce mata ba za ta yiwu ba. Mutumin da ya rayu ya koma ga Allah bai yarda an ɗauki hotonsa a gidan nan ba, ba za mu zauna mu ƙirƙira masa fuska a bayan ransa ba. Ta yi fushi, ta yi kuka, daga baya ta dawo da shawarar da ta rufe mini baki. Ta ce ba za a ga fuskarsa ba ko sau ɗaya. Ta baya kawai za a riƙa ganinsa, yadda ita ta san shi tana ƙarama: riga, rawani, dunduniya. Ka ga ke nan tafiyar ita ce mutumin. In ba a same ta ba, babu fim.

Yadda suke yi, sai su ɗauki mutum a waya yana tafiya, su bi sawunsa suna zanawa. Muka sa wa maigidana Bashar rigar Baba, ya ratsa tsakar gida kamar mai bin akuyar da ta tsinke. Ni ma na gwada, aka yi ta dariya. Da abin da ta samu ta haɗa ɗan gwaji a kwamfuta ta kai wa Inna. Inna ta kai fuska dab da gilashin, ta daɗe, sannan ta ce wanga ba Malam na ba. Ta ce shi kafaɗarsa ta hagu a sauke take saboda buhunan da ya ɗauka da ƙuruciya, hannu ɗaya a baya da carbi, kuma yakan ɗan ja ƙafar dama kafin ya ɗaga ta. Sai ta ce mutum guda ne ya gaji tafiyar nan, wato kai. Wai a da, in ka shigo zaure, takan miƙe ta ɗebo ruwa a zaton Baba ne. Yaya, wallahi ban taɓa sanin haka ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Fiddausi ta yi murna, ta ce ai sai a sa Siddiƙu ɗanka ya ɗauke ka a waya ya turo. Inna ta ce a'a. Ta ce ita ba ta ganin abin cikin gilashi, da kunne take gane tafiyar, in takalmi ya goga ƙasa. In za a yi, ka zo ka ratsa tsakar gidan da kanka.

Bayan Babbar Sallah malamin zai duba shirin, in tafiyar ba ta fito ba dole yarinyar ta sauya labari. Amma ba zan ɓoye maka ba, ba fim ne ya sa na ɗauki biro ba. Tun rasuwar Baba ba ka taka Sakkwato ba. Na san ka ce gidan ba ya shiguwa gare ka babu shi, kuma ban ga laifinka ba. Sai dai Inna ta tsufa, ina tsoron ranar da za ka zo ba mai miƙewa ya ɗebo maka ruwa.

Ka gaishe mini da Yaya Dije, da Siddiƙu, da Kaltume sarkin surutu. Bashar da Fiddausi suna gaishe ka. Inna ba ta ba ni saƙo ba, amma jiya ta sa an fito da takalman Baba an goge, an ajiye a zaure.

Ƙanwarka,
Zaituna