In Hadari Ya Taso, Ka Sauka

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya a duk inda ƙafarka ta kai. Ni ina nan Montreuil, gefen Paris, ciwon ƙirjin ne kawai da ka sani.

Ban san inda zan aika wannan takarda ba. Mai tafiya shi kaɗai a kan duwatsun Alp ba shi da adireshi. Zan ba 'yan'uwa su karanta bayan sallar Juma'a, ko a samu wanda ya san hanyar isar da ita.

Ka tuna ranar da na zo Lyon yi maka sallama. Ka shimfiɗa taswira a ƙasa kana nuna mini hanyarka, daga wannan ƙololuwa zuwa waccan, har bakin teku. Na ce a Damagaram ko mahaukaci ba ya shiga daji ba abokin tafiya. Ka yi dariya ka ce, “Baba, nan ai ba kura.” Na haƙura, na cusa maka kilishi da dabino a jaka.

A tasha, kafin in hau jirgin Paris, na riƙe hannunka na ba ka abin da mahaifina ya ba ni sa'ad da nake bin ayarinsa zuwa Agadas: in hadari ya taso, kada ka tsaya a kwari, ka nemi wuri mafi tsawo ka hau. Da idona na ga ruwan ƙorama ya tafi da raƙumi da kayansa, alhali ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Na ce ka yi mini alkawari. Ka yi.

Jiya matar da ke zuwa yi mini allura ta tambayi labarinka. 'Yar wajen Grenoble ce, can gindin duwatsun da kake hawa. Na faɗa mata wasiyyar da na yi maka, ina jin kaina. Sai ta ajiye allurar. Ta ce a duwatsunsu wanda hadari ya riska a sama, shi aradu ke nema, kowa ƙasa yake gudu. Da la'asar kuma tele ta nuna baƙin gajimare a kan wajen da kake.

Habibu, da na ce kada ka tafi, da ba ka tafi ba. Haka kake tun kana rarrafe. Da wannan nake cika baki a gaban mutane, yau kuma shi ya hana ni haɗiye ko ruwan shayi. Ka fi ni sanin duwatsun nan, na sani. Amma ina ganinka tsaye can sama, iska na fizgar rigarka, kana tuna hannuna cikin naka.

Na janye maganata, ɗana. Na yafe maka alkawarin, duniya da lahira. Ka sauka.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kawar da hadari daga hanyarka. In kuwa ya taso, ina roƙon Allah Ya ba ka ƙarfin halin saɓa mini, wannan karon kaɗai. Amin.

Mahaifinka,
Malam Isuhu